Ku Tambayi Anti: Baba ya fara kirana da sunan mamaci

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ni ɗan Garwa ne amma nema ya kaini Yawunde. Babanmu ya haura shekara 75, da can falken shanu ne, mutum ne wanda gyaran muryarsa kaɗai ke sa gida yayi tsit. Da naje babbar sallah na tarar yana maimaita tambaya ɗaya sau biyar, yace ƙanwata ta sace masa kuɗi alhali suna ƙarƙashin katifarsa, ran nan ma ya kirani da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Dangi wasu sunce sammu ne. Wallahi na kasa zama kusa dashi, kuɗi kawai nake turawa ta Orange Money in kashe waya inyi kuka. Ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya bashi sauƙi. Kukan nan ba laifi bane, uban da ka sani kake kewa alhali gashi zaune gabanka, abin da ciwo.

Maganar sammu ku ajiye ta tukuna. Allah da kansa ya faɗa a Suratun Nahli aya ta 70 cewa akwai wanda ake mayarwa ga mafi ƙasƙancin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ciwon mantuwa ne, kuma hawan jinin da aka daɗe ba a kula dashi ba da ciwon suga suna cikin masu jawo shi, don suna lalata ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa a hankali. Ku kaishi lopital (asibiti) a auna tansiyon, wato awon hawan jini, in tana wuce 14/9 (140/90) kullum to sai magani, a rage gishiri da magi a miya. In kuwa ruɗewar ta zo masa farat ɗaya cikin kwana biyu uku, sau da yawa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko ƙarancin ruwa a jiki, kasan zafin Garwa a Maris da Afirilu yana wuce digiri 40 kuma tsoho baya jin ƙishi kamar mu, sai an miƙa masa kofi a hannu. Wannan kam yana warkewa.

Kuma ku daina gardama dashi. In yace an sace kuɗi kuce to Baba mu duba tare, in ya kiraka da sunan ƙaninsa ka amsa, me zai rage ka?

Wadda nafi tausayi ƙanwarka ce, ita ke wanki da jinya kuma ita ake kira ɓarauniya, kuɗinka baya bata barci. Ku zauna ku raba kwanaki da sauran ƴan'uwa, kai ma ka hau jirgin ƙasan dare zuwa Ngaundere ka kama mota, ko sati ɗaya ne ka karɓe ta ta huta. In kaje ka shimfiɗa tabarma kusa dashi bayan la'asar ka tambaye shi labarin fataucin shanu, tsohon abu yafi daɗewa a kansu fiye da na jiya, zaka ga har sunayen kasuwanni yana lissafo maka.