Tambaya da Amsa: Gasar Kacici-kacici kan Addinin Katolika

TAMBAYA: Ɗiyata tana makarantar sakandare a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma an zaɓe ta ta wakilci ajinsu a gasar kacici-kacici kan addinin Katolika. Ina so in san yadda ake gudanar da irin wannan gasa da abin da ya kamata ta karanta, domin Littafi Mai Tsarki da muke da shi a gida kyautar maƙwabciyarmu ce 'yar wani coci daban. Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Uwargida, Allah ya raya miki yarinyar. Tsarin gasar yana hannun masu shiryawa, amma galibi ana fara tankaɗe da rairaya a cikin makaranta ta hanyar jarrabawar rubutu, sannan waɗanda suka yi zarra su kafa tawaga su kara da wasu makarantu baki da baki. Mai gabatarwa yana karanta tambaya, a ba tawaga daƙiƙoƙi kaɗan su yi shawara, idan sun kasa a miƙa wa abokan karawarsu. Alƙalai, waɗanda yawanci fada (limamin Katolika) ne ko sista ko malamin katikizim (koyarwar addinin Katolika), su ke ba da maki kuma su ke raba gardama.

Yawancin tambayoyin suna fitowa daga Katikizim ɗin Cocin Katolika na shekarar 1992, mai sassa huɗu: bangaskiya, sakramenti bakwai (ibadu masu tsarki irin su baftisma), Dokoki Goma, da addu'a. A shekarar 2005 an fitar da taƙaitaccensa mai tambayoyi da amsoshi 598, kuma shi nake ba da shawara ta riƙe, tun da tsarinsa ya yi daidai da na gasar.

Batun littafin da ke gidanku shi ne mafi muhimmanci a wasiƙarki. Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, wato 46 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabon Alkawari, yayin da na Furotestan yake da 66. Bambancin littattafai bakwai ne: Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa na ɗaya da na biyu. Idan an tambayi yarinyar adadin littattafan ta ce 66, ta rasa makin, ko da kuwa abin da ta gani da idonta a gida ke nan. Haka kuma lissafin Dokoki Goma ya bambanta, domin a wurin Katolika dokar girmama uwa da uba ita ce ta huɗu, amma a yawancin cocin Furotestan ta biyar ce. Ki riƙe kyautar maƙwabciyarki hannu bibbiyu, sai dai ki aro wa yarinyar bugun Katolika daga wurin fada ko malaminta kafin ranar.

Kada ta manta da tarihin gida, wanda a ganina ɗalibai ke yi wa riƙon sakainar kashi. Ya kamata ta san cewa fada-fadan ƙungiyar 'yan mishan ta Oblat sun iso arewacin Kamaru a 1946 ƙarƙashin jagorancin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa, cewa Baba Simon, wani fada ɗan Kamaru, ya yi hidima a Tokombere, ya kuma rasu a 1975, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Garwa a watan Agusta na 1985.

Saura batun harshe. Da yake karatun boko a yankinmu da Faransanci ake yi, mai yiwuwa da shi za a yi tambayoyin, alhali yaran da yawa sun koyi addu'o'insu da Fulatanci ko Hausa ko harshen iyayensu. Ki sa ta jera sunayen sakramenti bakwai da harshen gida, sannan ta maimaita da Faransanci, ta kuma bayyana miki ma'anar kowane ɗaya da bakinta, saboda alƙalai sukan juya tambaya don su gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Ki kuma tambayi malaminta tun yanzu ko akwai takardar da ta fayyace sassan da za a yi tambaya a kansu, da harshen da aka yarda a amsa da shi.