Mota na mutuwa idan ta yi zafi: sansa ce ko sarkar injin?

Malam, ka ce motarka tana wuyar tashi, tana mutuwa a hanya, makanike ɗaya ya ce sansar kamshaf ce, wato 'yar na'urar da ke lura da juyawar kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, wani ya ce sarkar injin ce, wadda ke juya kamshaf ɗin.

Fara da kunnenka. Tayar da ita da sassafe injin na sanyi. In ka ji ƙarar kacau-kacau daga gaban injin na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta lafa, sarka ta saki, ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Da ƙarfin baƙin mai yake aiki, shi ya sa jinkirin juyen mai yake kashe shi, balle da ƙurar Damagaram. Ita sansa ba ta ƙara. Halinta shi ne mota ta mutu da zafi, ta huce, ta tashi kamar ba komai.

Sai a sa na'urar gwaji. In ta fitar da lambar P0340, tana nuna sansar ko wayarta. P0016 kuwa cewa yake kamshaf da karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, ba sa tafiya tare, kuma nan mutane ke asarar kuɗi: su sayi sabuwar sansa, alhali tsohuwar gaskiya ta faɗa. Kafin ka sayi komai, a duba soket da waya, a ga ko mai ya shiga ciki.

In akwai ƙarar nan, kada ka kama hanyar Maradi da ita. In sarka ta yi tsalle, a injuna da yawa fistan zai daki bawul. Kai motar wurin makaniken da zai buɗe murfin ya duba alamomin saiti.