Farin zaren da ke hannun tsohuwa 'yar Laos

Tambaya: Likita, ni nas ce a wani asibiti a jihar Minesota ta Amurka. An kawo mana wata tsohuwa 'yar asalin Laos da farin zare ɗaure a wuyan hannunta. Na ɗauko almakashi zan yanke don in sa mata ƙarin ruwa, sai 'ya'yanta suka taso mini kamar za su cinye ni ɗanya. Me na yi?

Amsa: 'Yar'uwa, a ganinsu kurwar uwarsu kika tashi kwancewa. Mutanen Laos, yawancinsu mabiya addinin Buddha, sun yarda cewa jikin mutum na da kurwa 32 da suke kira khwan. Firgita, haɗari, doguwar tafiya ko rashin wani makusanci na iya sa ɗaya ta fice, daga nan sai ciwo ya samu ƙofa. Bahaushen da ya taso yana jin zancen maye ya kama kurwa ba zai ji wannan baƙo ba. Maganin da suka sani shi ne bikin baci: dangi su kewaye marar lafiya, wani dattijo ya kira kurwar ta dawo gida, a ɗaura farin zaren auduga don ta zauna. Akan bar shi aƙalla kwana 3, kuma ko lokacin cirewa ya yi, kwance shi ake yi, ko a bari ya faɗi da kansa. Almakashi ba ya taɓa shi.

Zaren ba ya hana ki aiki. Ki tura shi sama, ko ki nemi jijiya a ɗaya hannun. In tiyata ta tilasta a cire, babba a cikin dangin ya kwance da hannunsa. Haka ma kan mutum: wuri ne mai daraja a wurinsu, ki nemi izini kafin ki taɓa. In kuma kin ga jajayen layuka a bayan yaro, kada ki yi saurin cewa duka ne. Sukan shafa mai su kankare fatar da kwabo don fitar da "iska", tabon kan ɓace cikin 'yan kwanaki.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne jego. A al'adarsu, maijego kan kwanta a gado da garwashi a ƙarƙashi na kwanaki ko makonni, tana shan ruwan zafi na saiwoyi. Mu da muke da wankan jego da kunun kanwa, har likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego, ba mu da bakin dariya. Abin tsoron shi ne hanin abinci: wata sai a bar ta da farar shinkafa da gishiri kusan kawai. Nononta ya rasa bitamin B1, jariri ɗan wata 2 ko 3 ya kamu da ciwon da ake kira beriberi, muryarsa ta dishe, numfashi ya yi wuya, zuciya ta gaza. Allurar bitamin ɗin kan farfaɗo da shi cikin sa'o'i. Don haka ki tambayi maijego me take ci, ki sa uwarta ko surukarta cikin maganar, tunda su ke riƙe da tukunya.

Sai ki fara sanin wa ke gabanki. Yawancin 'yan Laos da ke Minesota 'yan ƙabilar Hmong ne da suka yi gudun hijira bayan 1975. Harshensu daban, bokayensu daban, kuma da yawa cikin tsofaffinsu na tsoron ɗibar jini don suna ganin ba ya dawowa. Ki nemi tafinta mai jin harshen da ya dace, kada ki ɗora wa jikan tsohuwar wannan aiki.