Ta yaya aka san babu abin da ke raba wannan ƙatuwar lamba?

Tambaya: Malam, na ji cewa a 2024 an gano wata lamba mai alƙaluma sama da miliyan 41, wai babu lambar da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Wa ya zauna ya gwada raba ta da kowace lamba? — Wani ɗalibi daga Zariya

Amsa: Ɗana, ba wanda ya gwada, kuma ba zai yiwu ba. Ko da za a haɗa kwamfutocin duniya kaf su yi ta rabawa ɗaya bayan ɗaya, ba za su ga ƙarshen aikin ba. Sirrin yana cikin ginin lambar.

Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su duka, ka cire 1. Ita ce lambar da Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, ya gano a Oktoban 2024 a ƙarƙashin GIMPS, shirin masu sa kai da ke neman manyan lambobi marasa rabuwa da kwamfutocinsu, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne. Irin waɗannan ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. A cikinsu, wannan ce ta 52 da aka sani ba ta rabuwa.

Sharaɗi na farko, dole adadin 2 ɗin da aka jera shi ma ya zama marar rabuwa. Amma wannan bai wadatar ba: 11 ba ta rabuwa, duk da haka 2 guda 11 in ka ninka su ka cire 1 suna ba da 2047, wato 23 sau 89.

Abin da ke yanke hukunci shi ne gwajin da ke ɗauke da sunan masana lissafi biyu, Lucas da Lehmer, kuma ina so ka yi shi da hannunka. Ɗauki 31, wato 2 guda 5 a cire 1. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2: 14. Sake: 14 sau 14, cire 2, ya ba da 194, raba da 31, saura 8. Sake: 64 cire 2 ya zama 62, raba da 31, babu saura. Zagaye uku ke nan, wato 5 a cire 2. Tunda ragowar ƙarshe sifili ce, 31 ba ta rabuwa. Da wata lamba ta rage, to tana rabuwa, ko da ba mu san mai raba ta ba. Wannan ne ya fi burge ni a lamarin.

A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da cewa 2 guda 127 a cire 1, mai alƙaluma 39, ba ta rabuwa, da alƙalami da takarda kawai. Ta Durant kuwa tana buƙatar zagaye sama da miliyan 136, kowanne ninkin lamba mai alƙaluma miliyoyi.

Kuma ba ita ce ta ƙarshe ba. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Euclid ya nuna cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ko na Mersenne ma ba su da iyaka, wannan har yau masana lissafi ba su tabbatar ba.