Tambaya da amsa: Na sha ƙwaya kafin gudun Legas, fitsarina ya koma kamar baƙin shayi

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Shekara uku ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba tare da abokaina, wani lokaci a filin wasa na Muhammadu Dikko, wani lokaci mu miƙe titin Dutsin-ma. Bara na je gudun yada-ƙanin-wani na Legas mai kilomita 42. Da safen ranar na haɗiyi haɗin da mai kemis ya yi mani don kada ƙafa ta dame ni. Har muka sauka daga doguwar gadar nan ta Third Mainland lafiya lau nake, amma wajen kilomita 30 ƙafafuna suka ɗaure, na yi amai sau biyu, da tafiya na ƙarasa. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne kwana biyu fitsarina ya koma kamar baƙin shayi, kuma ɗan kaɗan yake fita. Ban je asibiti ba, ya washe da kanshi. Bana ma ina son komawa, sai wani abokina ya ce haɗin ne ba shi da ƙarfi, in ƙara da tiramol ɗaya, wai shi haka ya yi ya gama bai ji komai ba. Likita, tsoro nake ji. Ƙodata ta taɓu ne? In koma ko in haƙura?

Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Tsoron nan naka yana kan hanya, kada ka bari abokai su raba ka da shi. Fitsari mai kalar baƙin shayi da ke fita kaɗan-kaɗan bayan dogon gudu ya wuce ƙishirwa. Ƙishirwa tana sa fitsari ya yi rawaya sosai, ka sha ruwa zuwa yamma ya washe. Wanda ya yi baƙi ya kwana biyu yana nuna tsokar cinya da ta ƙwauri ta farfashe ta zuba sinadarinta cikin jini, ƙoda kuma tana fama ta tace shi. A irin wannan hali kwantar da mutum muke yi mu ɗaura masa ruwa. Kai ka sha a gida, Allah ya kiyaye. Mafi yawan lokuta ƙodar matashi tana farfaɗowa ta koma daidai, amma ba zan ce maka taka ta koma ba sai na ga takarda. Ka je asibiti cikin makon nan a yi maka gwajin ƙoda, a duba kiriyatinin da yuriya da gishirin jini, a gwada fitsari, a auna hawan jini. Ka ƙara da gwajin rukunin jini na sikila idan ba ka taɓa yi ba, domin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, kuma mai AS ya fi saurin faɗawa wannan farfashewar tsoka idan ya matsa wa kansa cikin zafi. Idan sakamako ya fito lafiya, babu abin da zai hana ka komawa Legas.

Abin da ya same ka a kilomita 30 ka san shi, duk mai gudun fanfalaki ya san wurin da man jiki ke ƙarewa. Abin da 'yan Katsina ke mantawa shi ne a watan Fabrairu ake gudun, kai kuma duk atisayenka a Disamba da Janairu ka yi shi, cikin sanyin hunturu, da hular sanyi a ka, gumi na bushewa tun kafin ya sauko goshi. A Legas iska jiƙe take, gumin zuba kawai yake yi bai sanyaya ka ba. Gadar da ka ambata ta kusa kilomita 12, babu inuwar ko itace ɗaya a kanta, kuma a nan ne ɗoki ke ɗibar mutane, ga ruwa hagu da dama, ga jama'a, sai su ƙara wuta. Kuɗin wannan ɗokin a unguwar Lekki, can gaba cikin gudun, ake biyan sa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na rubuta doguwar amsa, wato haɗin nan da ka haɗiya. Babu makon da zai wuce ban ga ɗan ƙwallo ko mai gudu ko ɗan dambe da ya zo da wannan aƙidar ba, wai a sha maganin ciwon jiki kafin a fara wasa don a tare ciwon tun daga nesa. Na gaji da jin ta, wallahi. Ka taɓa kwance ƙullin ledar nan ka duba abin da ke ciki? Ni na sha kwancewa a kan teburina. Ƙwaya biyar ko shida tsirara, babu kwali babu suna, ja ɗaya, rawaya biyu, fara ƙarama, sai kafso. Idan aka bi diddigi za ka tarar da diklofenak, ga ibufurofen, ga wadda ake kira felbin, dukansu 'yan gida ɗaya ne, aiki ɗaya suke yi, ɓarna ɗaya suke yi, an tara maka su uku a tafi ɗaya. Sau da yawa 'yar farar nan ma deksa ce ko firedinisolon, ita kuma ta haɗu da sauran su taru a kan tumbi. Mai kemis bai tambaye ka olsa ba, bai tambaye ka hawan jini ba, bai san kilomita nawa za ka yi ba. Shi dai ya ji “ciwon jiki” ya miƙa hannu kanta.

Idan kana gudu, jini yana barin ciki da ƙoda ya tafi ƙafafu da fata. Ƙoda tana da dabarar da take kare kanta da ita: akwai sinadarin da take fitarwa ya buɗe 'yan hanyoyin da jini ke shigo mata, ko da jinin ya yi ƙaranci ta samu rabonta. Aikin waɗannan ƙwayoyi kuwa shi ne su hana jiki yin wannan sinadarin, domin shi ne kuma ke kai saƙon ciwo da kumburi. Ka ga ke nan ka rufe wa ƙoda ƙofar da ta rage mata, a daidai ranar da ruwan jikinka ke tsiyaya a titi, tsoka kuma na turo mata dattin da ya fi ƙarfinta. Sinadarin nan dai shi ne ke shimfiɗa majinar da ke kare bangon tumbi, shi ya sa aman da ka yi ma ba zan wanke ƙwayar daga laifinsa ba. Wasu da jini suke yin nasu aman, wasu washegari su ga bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta.

Na taɓa karɓar wani yaro sa'anka, ɗan gudu ne mai kyan jiki, ko sigari bai sha. An kawo shi ranar Litinin, fuska a kumbure, idon sawu ya cika har igiyar kambas ta bar shaida a fata, kwana biyu bai cika kofin shayi da fitsari ba. Mahaifiyarsa tana tsaye bakin gado riƙe da 'yar lambar yabon da aka rataya masa, tana tambaya ta ko sammu ne. Da na laluba aljihun jakarsa sai ga ragowar ƙullin, biyu cikin huɗun da ya saya. Sai da aka yi masa wankin ƙoda kafin tasa ta farka. Kowa a garin nan ya san gidan da wankin ƙoda ya cinye wa gona ko fili, ba sai na faɗa maka tsadarsa ba.

Kuma kada ka ce ai namu ne kawai. A gudun birnin Bon na ƙasar Jamus a shekarar 2010 masu bincike sun tambayi 'yan gudu kusan dubu huɗu, suka tarar kusan rabinsu sun sha maganin ciwo kafin a tashi. Mutum tara aka kwantar a asibiti, kuma dukansu daga cikin waɗanda suka sha ne: uku ƙoda ta tsaya na ɗan lokaci, huɗu zubar jini, biyu bugun zuciya. A ƙasar sanyi ke nan, inda gumi bai kai na Legas ba. Sannan ƙwayar ba ta ma biya buƙatar da aka sha ta dominta ba, kai shaida ne, ƙafafunka sun ɗaure duk da haɗin. Ɗaurewar tsoka a kilomita 30 gajiya ce da ƙarancin horo, babu ƙwayar da ke tare ta.

Sai tiramol ɗin abokinka. Ya ce bai ji komai ba, na yarda da shi, ai rashin jin shi ne matsalar. Ciwon da kake ji a tsakiyar gudu ɗan aike ne. Shi ke gaya maka ƙashin ƙwauri ya fara tsagewa, shi ke gaya maka kai ya yi zafi ka rage, shi ke gaya maka ƙirji ya matse ka tsaya. Tiramol kama ɗan aiken take yi ta toshe masa baki, kai kuma ka ci gaba da taka tsagaggen ƙashi har ya rabu biyu. Tana kawo jiri da amai da magagi, tana kuma jefa mutum jijjiga irin ta farfaɗiya ko da bai taɓa yi ba, musamman idan an sha mai yawa. Ka kwatanta mutum ya faɗi yana jijjiga a tsakiyar gada, rana ta take, jikinsa ya ɗauki zafi, masu agaji kuma ba su san abin da ya haɗiya ba, shi kuma ba ya iya magana. Wadda hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta amince da ita mai miligiram 50 ce da mai 100, ita ma sai da takardar likita. Wadda samari ke miƙa wa juna a tasha mai 225 ce, ta fasa-ƙwauri, kuma abin da aka rubuta a jikin katin ba lallai shi ne a ciki ba. Abin takaici, a gaban kowa ake tallar ta a tire tare da maganin basir da na ƙarfin maza, rana na dukan ta tun safe, masu alhakin sa ido suna wucewa ta gefe. A kama yau, jibi tiren ya dawo wurinsa.

Ga kuma abin da abokinka bai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai lura ba. Wanda ya sha don gudun Legas zai sha don dogon atisayen Lahadi, daga nan ya sha don na Laraba, wata rana ya wayi gari ko shago ba zai iya buɗewa ba sai da ita. Na ga waɗanda da wasanni suka fara, yau ko ƙofar filin wasa ba sa zuwa.

Za su ce maka ai 'yan Kenya ma sha suke yi. To, su sani tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta tiramol a lokacin gasa. Kuma Abraham Kiptum, ɗan Kenyan da ya lashe gudun Legas na farko a 2016 ya sake lashewa a 2017, an dakatar da shi shekara huɗu a 2019 saboda abin da gwajin jininsa ya nuna, aka soke tarihin duniya na rabin zango da ya kafa a Balensiya ta Sifaniya a 2018. Wannan mai likitoci da masu horarwa ke nan, ina ga kai da likitanka ɗan tire ne? 'Yan Filato da ke yawan zama kan gaba cikin 'yan Najeriya a wannan gudu, tuddan Fankshin suke hawa safe da yamma shekara da shekaru. Jikin nan amana ce a hannunka ƙanena, za a tambaye ka yadda ka yi da shi, kuma iyayenka da ke maka addu'a ka dawo lafiya ba su san ka tsaya kemis kafin ka hau mota ba.

Idan gwaji ya yi kyau, ka ba kanka wata huɗu na shiri. Dogon gudun mako ya riƙa ƙaruwa a hankali har ya kai kilomita 30 zuwa 32, na ƙarshe ya zama saura mako uku, daga nan ka sassauta. A makonni biyun ƙarshe ka mayar da wasu gajerun fitarka zuwa hantsi, jiki ya koyi zafi. Ka koyi cin dabino ko ayaba kana cikin gudu tun a titin Dutsin-ma, kada ranar gasa ta zama ranar gwaji, haka ma takalmi, wanda ƙafarka ta saba da shi za ka sa. Ruwa ka sha gwargwadon ƙishirwa, 'yan kurɓi a kowane wurin rabo, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Ɗura wa ciki ruwa zalla har ya yi ƙugi shi ma yana sauke gishirin jini ya kai mutum ƙasa. Motar Katsina zuwa Legas yini da kwana ce ƙafa a lanƙwashe, don haka ka isa da kwana biyu a hannu. Idan zazzaɓi ko gudawa suka kama ka a makon, ka haƙura da na bana ko da ka biya kuɗin mota. Ciwon jiki na bayan gudu kuwa, sai ka ci abinci, ka sha ruwa, ka ga fitsari ya zo fari, sannan ka sha farasitamol yadda aka rubuta a kwali.

A kan hanya, jiri ko ruɗewa ko ciwon ƙirji ko jin sanyi alhali rana na dukan ka, kowanne ka ji ka tsaya ka nemi masu agaji. Idan kuma fitsarin nan ya sake yin baƙi, a Legas ɗin za ka je asibiti ranar, kada ka hau mota da shi. Ranar da za ka kai gwajin, in akwai ragowar haɗin bara a ɗakinka ka tafi da shi likita ya gani, ka kuma ja abokin nan naka ku je tare, shi ma a duba tasa ƙodar.