Tambaya da Amsa: Aƙiba, Sakamako da Abin da Ya Biyo Baya

Wata malamar makaranta daga Damagaram ta tambaya: "Malam, aƙiba da sakamako abu ɗaya ne? Kuma me ya sa muke cewa abu ya biyo baya?"

Malama, ma'anarsu ta yi kusa, amma asalinsu daban.

Aƙiba aro ce daga Larabci. Tushenta ɗaya da kalmar da Larabawa ke kiran diddige da ita, wato aƙib. Aƙiba ke nan ita ce abin da ke tafe a diddigen aikinka. Daga wannan tushe uƙuba ta fito, hukuncin da ke bin laifi. Cikin sunayen Manzon Allah (SAW) ma akwai Al-Aƙib, wanda ya zo a ƙarshe, babu annabi bayansa.

Ba Larabawa kaɗai suka ga lamarin haka ba. A Latin, sequi na nufin bi, kuma daga nan Faransanci da Ingilishi suka samo kalmarsu ta consequence. A Jamusanci folgen shi ne bi, Folge abin da ya biyo baya, har nasara ma Erfolg suke ce mata.

Mu kuwa ba mu jira aro ba. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Dubi yadda aka ba alhaki ƙafafu, yana biye da mai shi duk inda ya sa gaba! Kalmar bi ɗin nan ta haifi mabiyi, biyayya da bibiya, sannan wanda ya ba da rance cewa yake "ina bin sa bashi".

Sakamako fa? Daga sakawa ta fito, kamar a "Allah ya saka da alheri", 'yar'uwar sakayya ce. Babu bin sawu a cikinta, ramawa ce: ka yi, a saka maka. Shi ya sa sakamakon jarrabawa ya zauna daram, don ɗalibi ya yi aiki an ba shi gwargwadonsa.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu karanta labarai suka mai da "sakamakon" madadin "saboda" a kusan kowace jimla. "Ya makara sakamakon cunkoso." Ana ganewa, ban ce kuskure ba ne, amma "saboda cunkoso" ta fi sauƙi a baki, ta fi daɗi a kunne. Don Allah ki koya wa ɗalibanki su riƙa bambance su.