Shin jerin waƙoƙin Octavarium yana da wani muhimmanci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Wani abokina ya tura min kundin waƙoƙi mai suna Octavarium na ƙungiyar mawaƙa ta Dream Theater a waya. Waƙoƙi takwas ne, wayata ta jera su bisa harafin farko na sunayensu, ni kuma a haka nake ta saurare kusan wata guda. Da abokin ya gani sai ya ce ai har yanzu ban ji kundin ba. Ni dai a ganina waƙa waƙa ce, ko ta zo a farko ko a ƙarshe. Don Allah da gaske jerin yana da muhimmanci, ko kuwa iyayi ne kawai na masu son irin wannan kiɗa?

Wani ɗalibi daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya ɗan zafafa, domin waƙoƙin ka ji su, ba wanda zai ƙwace maka wannan. Amma a kan wannan kundi musamman gaskiya tana wajensa, kuma ka yi dace, don a fannin progressive metal, wato kiɗa mai ƙarfi da dogayen waƙoƙi masu yawan sauya kari, da wuya a sami kundin da ya fi Octavarium dacewa da tambayarka.

Bari mu fara da abin da wayarka ta yi. Idan ta bi haruffa, ta fara maka da I Walk Beside You, ta kawo doguwar waƙar Octavarium mai minti 24 a matsayi na uku, sannan ta tura The Root of All Evil can kusa da ƙarshe. Wato mabuɗin kundin ya koma na bakwai, marufinsa ya dawo tsakiya. Kamar a kai amarya ranar Laraba ne, a ɗaura aure ranar Juma'a, a zo a yi kamu ranar Lahadi. Duk abubuwan bikin an yi su, amma wanda ya halarta ba zai ce ya ga biki ba.

Jerin da ƙungiyar ta fitar a watan Yuni na 2005 shi ne: The Root of All Evil, The Answer Lies Within, These Walls, I Walk Beside You, Panic Attack, Never Enough, Sacrificed Sons, sai Octavarium ta rufe. Dalilin wannan jeri yana cikin kiɗan kansa, don haka sai ka yi haƙuri in ɗan kai ka gaban fiyano.

Kowace waƙa tana da sautin da take zaune a kai. Takan fita yawo, ta hau ta sauka, amma kunne yana jiran ta dawo kan wannan sauti kafin ya ji an iso. Mu kira shi gidan waƙar. Makaɗan Turai suna laƙaba wa waɗannan sautuka haruffa bakwai, daga A zuwa G, su ne fararen maɓallan fiyano. Idan ka tashi daga F ka bi fararen maɓallan zuwa dama, za ka taka G, A, B, C, D, E, a taki na takwas sai ka sake faɗawa kan F, amma wadda ta fi ta farko tsayin murya. Wannan tazara ta taki takwas ita ake kira oktef, daga nan sunan kundin ya samo tushe. Abin da Dream Theater suka yi shi ne, sun gina waƙa ta farko a gidan F, ta biyu a G, ta uku a A, haka har ta bakwai a E, ta takwas ta koma F. Kundin gaba ɗaya tsani ne, kowace waƙa mataki guda. Ko ba ka san sunan sauti ko ɗaya ba, kunnenka yana jin ana hawa da kai a hankali tsawon kusan awa guda, kuma idan waƙar ƙarshe ta sauka a F yana jin an dawo gida. Wayarka ta ba ka B, D, F, C, E, G, F, A. Matakan suna nan, tsanin ne babu.

Abin bai tsaya nan ba, kuma wannan ɓangare ne ya fi burge ni. Tsakanin F da F akwai baƙaƙen maɓallai biyar a kan fiyano. Sai suka sanya wasu gajerun sautuka biyar a tsakanin waƙoƙin, kowanne a kan sautin baƙin maɓallin da ya faɗo a wurin. Misali tsakanin waƙa ta farko mai F da ta biyu mai G, akwai ɗan sautin da ke zaune a rabin taki tsakaninsu, shi ne gadar da za ka bi ka haye. Amma duba fiyano da kyau: babu baƙin maɓalli tsakanin B da C, babu kuma tsakanin E da F. Saboda haka waƙoƙi takwas suna da mahaɗa bakwai, amma gadojin biyar ne kacal, kamar yadda fiyanon yake. Kundin shi ne na takwas da ƙungiyar ta naɗa a situdiyo, su kuma a lokacin mutum biyar ne: James LaBrie mai rerawa, John Petrucci mai jita, John Myung mai jitar bes, Jordan Rudess mai fiyano, da Mike Portnoy makaɗin ganga, wanda shi ne ya fi kowa dagewa a kan wannan tsari. Takwas da biyar suna ta maimaituwa, har waƙar ƙarshe, ta takwas, sassa biyar gare ta.

Waɗannan gadoji su ne abin da hautsina jeri ya fi yi wa illa. Idan aka kwafe faifan CD zuwa waya, yawanci gadar tana manne a wutsiyar waƙar da ta gabata. Idan waƙar da ta biyo ba ita ce aka gina gadar dominta ba, sai ka ji wani sauti ya taso ya nufi wani wuri, kwatsam ya yanke. Mai yiwuwa ka lura da haka ka ɗauka kuskuren mai turawa ne.

Sai kuma waƙar ƙarshe. A sashenta na huɗu akan koma a taɓo waƙoƙin kundin ɗaya bayan ɗaya, bisa jerinsu, ana ƙirga matakan tsanin daga tushe har zuwa na takwas, murya tana ƙara zafi a kowane mataki har LaBrie ya kai ga ihu. An rubuta wannan wuri ne don mutumin da ya riga ya ratso waƙoƙi bakwai, yana ɗauke da su a ka. Kai da ka ji ta a matsayi na uku, an yi ta tuna maka abin da ba ka riga ka ji ba. Daga ƙarshe kuma, bayan ƙungiyar makaɗan goge da busa sun lafa, kundin yana rufewa da sautin fiyano ƙwaya ɗaya, F, wanda da shi ne The Root of All Evil ta buɗe. Jigon kundin ke nan, cewa abu yakan kewaya ya koma inda ya faro, kuma da jeri aka faɗe shi kafin a faɗe shi da baki.

Wannan F ɗin ma gadonta aka yi. Ita ce sautin da ya rufe kundinsu na baya, Train of Thought na 2003. Shi kuma wancan ya buɗe da amon da ya rufe Six Degrees of Inner Turbulence na 2002, wanda shi ma ya fara da ƙarar shuuu ɗin da ta rufe Scenes from a Memory na 1999. Kundi huɗu a sarƙe, wutsiyar wannan a bakin wancan. Da Octavarium ya cije tasa wutsiyar sai sarƙar ta ƙare a nan.

Ba kowane kundi ne ke ɗaure jerinsa da sauti haka ba. Wasu da labari suke ɗaurewa, kuma Scenes from a Memory da na ambata shi ne misalin da ya fi kusa. Labarin kisan wata budurwa ne mai suna Victoria a 1928. A tsakiyar kundin ana ba ka bayanin kisan kamar yadda jarida ta ruwaito shi, ka yarda, ka ci gaba da saurare a kan haka, sai a waƙar ƙarshe a nuna maka cewa ba haka abin ya faru ba. Ba zan faɗa maka wanda ya yi kisan ba. Amma wayar da ke bin haruffa ba ta da wannan kara, domin sunan waƙar ƙarshen da F ya fara, za ta kawo maka ita tun kafin ka san su wane ne mutanen.

Akwai kuma dalili na uku, wanda ya shafi kowane kundi mai nauyi, ko da labari ko babu: kunne yana gajiya. Kiɗan metal yana da ƙarfi, na progressive kuma ga ƙarfi ga yawan sauya kari, waƙa guda takan kai minti goma. Idan aka jero masu zafi uku a jere, ta ukun ba za ta ƙara yi maka zafi ba, kunnen ya riga ya dakushe. Shi ya sa The Answer Lies Within, mai sanyi da fiyano da goge, ta biyo bayan mabuɗi mai nauyi. Shi ya sa kuma I Walk Beside You, wadda ta fi kowace sauƙi da gajarta, ta zauna daf da Panic Attack, wadda jitar bes ke buɗe ta a guje. Ni a karan kaina I Walk Beside You ba ta cikin waɗanda nake nema idan ita kaɗai ce, kuma tsarin tsani ba ya mayar da waƙa matsakaiciya ta zama gwana. Amma a mazauninta tana aiki: ita ce ke kwantar maka da hankali don Panic Attack ta same ka ba shiri. Da ka fara kundin da ita, ka ɗauki inuwar da aka tanada don tsakiyar tafiya ka zauna a cikinta tun kafin rana ta fito.

Wani abin da ke tsara jeri ba fasaha ba ne, kayan aiki ne. Faifan garmaho yana ɗaukar kimanin minti 20 zuwa 22 a kowane gefe, kuma sautinsa yana raguwa da kyau idan allura ta matso tsakiya, don haka masu haɗa kundi suka saba ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen gefe. Wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda juya gefe yake raba kundi gida biyu, kowane gida da mabuɗinsa da marufinsa. CD ya zo da kusan minti 80 a shimfiɗe ba juyawa, wannan ne ya ba ƙungiyoyi irin su Dream Theater da Tool filin gina abu guda mai tsawo haka. Yanzu kuma manhajojin waya sun sa hautsinawa ta zama al'ada. Har sai a Nuwamban 2021 Spotify, dandalin sauraron kiɗa ta intanet, ya daina sanya hautsinawa a matsayin abin da babban maɓallin kunna kundi ke yi, bayan mawaƙiyar Ingila Adele ta nemi haka lokacin fitar kundinta mai suna 30. Ka ga ke nan ba masu son metal kaɗai abin ya dama ba.

Inda zan ba ka gaskiya shi ne, lallai akwai masu wuce gona da iri. Kundin Lateralus na Tool, na 2001, yana da waƙoƙi 13, kuma gaɓoɓin kalmomin waƙar da ke ɗauke da sunan kundin suna bin lissafin Fibonacci, wanda kowace lamba a cikinsa jimillar biyun da suka gabace ta ce. Daga nan wasu masoya suka ƙirƙiro wani sabon jeri da suke kira Holy Gift, suka ce shi ne ɓoyayyen jeri na ainihi. Masoya ne suka tsara shi, ba ƙungiyar ce ta fitar da shi ba. Na saurare shi, yana da daɗi a wasu wurare, amma ban yarda a kira shi na ainihi ba. Abin lura ma shi ne, ko su ba su iya raba Parabol da Parabola ba, domin ta farkon shimfiɗa ce ta minti uku da ke kumbura har ta fashe cikin ta biyun. Akwai kuma kundaye da yawa a wannan fanni da tarin waƙoƙi ne kawai, kowace da kanta take tsaye, idan ka hautsina su asararka kaɗan ce. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: saurari daƙiƙa goma na ƙarshen waƙa da goma na farkon mai bi mata. Idan sautin ya zarce ba yankewa, ko an raba sunayen zuwa fitowa-fitowa kamar wasan kwaikwayo, to a bar su yadda aka same su.

Gyaran wayarka ba wuya. Shiga inda fayilolin suke, ka sake musu suna, ka sa lamba a gaban kowanne: 01 ga The Root of All Evil har zuwa 08 ga Octavarium. Idan manhajar da kake amfani da ita ba ta duba sunan fayil, haɗa jerin saurare da hannunka. Kashe hautsinawa. Idan akwai zaɓin da ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon wata, shi ma kashe shi, don yana cinye gadojin nan biyar. Wanda kake so shi ne zaɓin kunnawa ba tare da tazara ba. Sannan ka nemi minti 76 da ba mai kiranka, ka sa abin kunne mai kyau, domin sautin F na farko can ƙasa yake, lasifikar waya ba ta fitar da shi sosai. Ka bar maɓallin maimaita kundi a kunne, don idan waƙa ta takwas ta sauke sautinta na ƙarshe ka ji yadda ta farko ke ɗaukarsa.